Tarihin Koyon Talla da Zane da Horon Sanin Makamar Aiki a Nijeriya ta Fuskar Ɗalibai

BABI NA BIYU

2.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi ƙoƙarin bin diddigin yadda sana'ar talla da ta zane suka shiga manyan makarantun Nijeriya, da kuma yadda aka ƙirƙiro tsarin tura ɗalibai ma'aikatu domin su san makamar aiki kafin su kammala karatu. Za a dubi waɗannan abubuwa uku ne ta fuskar ɗalibi, wato abin da ya tarar a aji, da abin da ya nema, da kuma abin da ya samu bayan ya fita. Dalilin haɗa su wuri guda shi ne, tallar zamani ba ta tsayuwa sai da zane, shi kuwa zane ba a iya shi da karatun littafi kaɗai, sai hannu ya saba.

Abin da babin yake son ya tabbatar shi ne, tun daga shekarar 1958 abu biyu ɗaliban waɗannan fannoni suke nema. Na farko, a koya musu aikin da ya dace da mutanen da za su yi wa shi. Na biyu, a ba su wurin da za su gwada hannunsu a kan aiki na gaskiya. Buƙata ta farko ɗalibai sun same ta da ƙoƙarin kansu. Ta biyu kuwa gwamnati ce ta tsara ta bisa koken masu masana'antu, ba tare da an ji ta bakin ɗalibai ba, kuma wannan ne ya sa ta zo musu da gyara, musamman ɗaliban Arewa.

A nan, kalmar talla tana nufin duk wata hanya da ake bi a sanar da jama'a haja ko wani aiki domin a jawo hankalinsu. Kalmar zane kuma ta haɗa da tsara fasalin rubutu da hoto da launi a kan takarda ko yadi ko allo.

2.1 Talla da Zane da Koyon Sana'a a Gargajiyance

Tun kafin zuwan Turawa Bahaushe yana da hanyoyinsa na talla. Akwai 'yan talla masu yawo da kaya a ka suna kiran sunan abin da suke sayarwa da wata murya ta musamman, ta yadda matar da ke cikin gida takan gane mai fura daga mai ƙuli-ƙuli ba tare da ta leƙo ba. Akwai dillalai da 'yan koli da masu maganin gargajiya waɗanda ke tara jama'a a kasuwa da kirari da barkwanci. Haka kuma akwai sanƙira mai kai saƙon sarki unguwa-unguwa, da maroƙa waɗanda ke fito da sunan mutum da sana'arsa a bainar jama'a. Abin lura a nan shi ne, kusan duk wannan talla ta baka ce, kuma ƙarfinta yana ga iya sarrafa harshe.

Ta ɓangaren zane ma haka abin yake. Maɗinka suna da aska biyu da aska takwas da suke ɗorawa a kan babbar riga. Dukawa suna da nasu adon na fata, marina suna da nasu, masu sassaƙar ƙwarya suna da nasu, sannan alarammomi suna da zayyanar da suke ƙawata allo da Alƙur'ani da ita. Magina kuwa sun kai matuƙa wajen adon bango da daurin guga, kamar yadda ake gani a Masallacin Juma'a na Zariya wanda Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846.

Duk waɗannan sana'o'i hanyar koyonsu ɗaya ce. Yaro yakan tashi a gidan sana'ar, ko kuwa a kai shi wurin wani gwani ya zama ubangidansa. Zai fara da aike da shara da miƙo kayan aiki, daga nan a bar shi ya yi ƙananan ayyuka, har ranar da za a yarda da hannunsa. A wannan tsari mai koyo ba ya da ta cewa game da abin da ake koya masa, amma yana da tabbacin abu guda: wurin koyo shi ne wurin aiki, kuma mai saye yana ganin abin da ya yi. Wannan haɗin ne karatun boko ya raba, kuma shi ne daga baya aka yi ta neman hanyar mayar da shi.

2.2 Shigowar Tallar Zamani

Tallar zamani ta shigo Nijeriya ne ta hanyar jarida. A shekarar 1859 wani ɗan mishan mai suna Henry Townsend ya fara buga jaridar Iwe Irohin a Abekuta, kuma a cikinta aka soma ganin ƙananan sanarwa na neman ma'aikata da na kayan sayarwa. Da kasuwancin kamfanonin Turawa ya bunƙasa, sai aka kafa kamfanin talla na farko a shekarar 1928 mai suna West Africa Publicity, wanda ya yi aiki a ƙarƙashin inuwar kamfanin UAC, kuma shi ne daga baya ya koma Lintas. Aikinsa na farko-farko shi ne allunan talla da fastoci na sabulu da sauran kayan masarufi. Yawancin tsarin waɗannan tallace-tallace a Ingila ake yin sa, a kawo nan a manna. Saboda haka a wancan lokaci ɗan ƙasa ba ya da wani babban gurbi a sana'ar in ban da manna takarda da fenti da fassara.

A Arewa kuwa, babbar ƙofar da ta buɗe ita ce jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a watan Janairu na 1939 a Zariya, a ƙarƙashin kulawar Dokta Rupert East, tare da Malam Abubakar Imam a matsayin edita. A shekarar 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur, wanda ya mallaki maɗaba'a babba. Wannan maɗaba'a ta zama makaranta ga samarin Arewa da yawa, domin a cikinta suka koyi jera haruffa da tsara shafi da ɗaurin littafi, duk a bakin aiki. Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950 ya ƙara yawan masu karatun boko, ya kuma ƙara buƙatar littattafai masu hotuna da fastocin wayar da kai.

Bayan jarida sai rediyo da talabijin. An buɗe gidan talabijin na farko a Ibadan a watan Oktoba na 1959, sannan a shekarar 1962 gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe nata gidan rediyo da talabijin a Kaduna. Rediyon Kaduna ya mayar da talla gidanta na asali a wurin Bahaushe, wato baka da waƙa. Daɗin daɗawa, masana'antu suka fara tsayuwa a Arewa, kamar masaƙar Kaduna ta farko da ta fara aiki a 1957 da kamfanin taba na Zariya na 1959. Duk da haka, manyan kamfanonin talla a Legas suka zauna, kuma can ne ake yanke shawarar yadda za a yi wa mutumin Kano ko Sakkwato magana.

2.3 Makarantar Zane ta Zariya da Ƙungiyar Ɗalibai ta 1958

Koyar da zane a matakin gaba da sakandare ya soma ne a Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya, reshen Ibadan, a shekarar 1953. A 1955 aka dawo da sashen Zariya, a harabar da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a shekarar 1962. Ana koyar da zanen fenti da sassaƙa da kuma zanen kasuwanci, wanda shi ne ya shafi talla kai tsaye. Mafi yawan malaman Turawan Ingila ne, manhajar kuma an ɗauko ta ne daga kwalejojin zane na Landan. Daga cikin 'yan ƙasa ƙalilan da suka koyar a lokacin akwai Clara Ugbodaga-Ngu, wadda aka haifa a Kano.

A nan ne aka fara jin muryar ɗalibai a fili. A shekarar 1958 wasu daga cikinsu suka kafa Ƙungiyar Masu Zane ta Zariya. Cikinsu akwai Uche Okeke, wanda ya tashi a Kafanchan, da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo da Oseloka Osadebe da Simon Okeke. Kokensu shi ne, ana koya musu tarihin zanen Turai da dokokinsa kamar dai ƙasarsu ba ta taɓa yin zane ba, alhali kuwa ƙasar tana dab da samun mulkin kai. Ba su ƙi ilmin da ake ba su ba. Ra'ayinsu shi ne a karɓi dabarun zamani da kayan aikinsa, a haɗa su da fasahar da aka gada, ta yadda abin da zai fito zai zama na gida. Don haka sukan yi aikin aji yadda malami ya ce domin su ci jarrabawa, idan kuma aka tashi sai su koma ɗakunansu su yi nasu. A lokacin hutu kowa yakan koma garinsu ya nazarci zanen mutanensa. Uche Okeke ya zurfafa a zanen uli na ƙasar Ibo, Bruce Onobrakpeya kuma ya koma ga tatsuniyoyin Urhobo, sannan gine-ginen Zariya da kasuwanninta da shigar mutanenta sun fito a ayyukan da yawa daga cikinsu.

Ƙungiyar ba ta yi tsawon rai ba, domin ta watse a 1961 lokacin da manyanta suka kammala karatu. Amma tasirinta ya wuce shekarunta uku. A bikin samun mulkin kai na 1960 an ba wasu daga cikinsu aikin ƙawata rumfar baje kolin fasaha a Legas tun suna ɗalibai. Bayan sun fita, su ne suka zana hotunan wasu daga cikin littattafan marubutan Nijeriya na farkon shekarun 1960. Yusuf Grillo ya shugabanci sashen zane na Kwalejin Fasaha ta Yaba shekaru masu yawa, Uche Okeke kuma ya shugabanci na Jami'ar Nsukka bayan yaƙin basasa, inda ya shigar da nazarin zanen gargajiya cikin manhaja. Ta haka ne ra'ayin da ya fara a matsayin ƙorafin ɗalibai ya zama abin da ake koyarwa.

Akwai wani misali na wannan zamani da ya nuna abin da ɗalibi zai iya idan aka ba shi dama. Tutar Nijeriya mai launin kore da fari aikin wani ɗalibi ne, Michael Taiwo Akinkunmi, wanda yake karatu a Landan lokacin da ya ga sanarwar gasar zana tuta a jarida. Zanensa ne aka zaɓa a 1959, aka ba shi kyautar fam 100.

2.4 Dokar 1972 da Buƙatar Ƙwararrun 'Yan Ƙasa

Babban sauyin da sana'ar talla ta gani ya zo ne a shekarar 1972, lokacin da gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa dokar mayar da harkokin kasuwanci hannun 'yan ƙasa. Dokar ta sanya talla a jerin sana'o'in da aka keɓe wa 'yan Nijeriya kaɗai. Turawan da ke riƙe da kamfanoni suka sayar da hannun jarinsu, 'yan ƙasa irin su Sylvester Moemeke na Lintas suka hau kujerun shugabanci. A 1973 masu sana'ar suka kafa ƙungiyarsu ta ƙasa. Wannan ya zo daidai da lokacin da kuɗin man fetur ya yawaita, ga kuma ƙarin albashin Udoji na 1974 wanda ya sa ma'aikata suka shiga sayen rediyo da babur da kayan ɗaki. Ita ma gwamnati ta zama babbar mai ba da aikin talla, alal misali wajen wayar da kan jama'a game da komawa tuƙi ta hannun dama a 1972 da canjin kuɗi daga fam zuwa naira a 1973, inda aka yi amfani da fastoci da rediyo da mawaƙa.

Wannan bunƙasa ta buƙaci ma'aikata masu ilmi, makarantu kuma suka amsa kira. Jami'ar Nsukka ta riga ta fara koyar da aikin jarida tun 1961, ta Legas ta biyo baya, sannan Jami'ar Bayero ta Kano ta buɗe nata sashen a ƙarshen shekarun 1970. A waɗannan sassa talla darasi ce guda a cikin darussan aikin jarida. A Zariya kuwa, a shekarar 1977 aka ware sashen zanen masana'antu daga sashen zane-zane, aka ba shi fannonin zanen bugu da talla, da zanen yadi, da tangaran, da gilashi.

Wannan rabuwa ta yi wa ɗaliban Arewa amfani ta wata fuska. Iyaye da yawa a ƙasar Hausa suna ƙyamar zana surar abu mai rai da sassaƙa mutum-mutumi saboda dalilin addini, wasu kuma ba su ɗauki zane a matsayin karatun da zai ciyar da mutum ba. Ita kanta kalmar talla, abin da take fara kawowa a zuciyar Bahaushe shi ne yarinya da faranti a ka. Amma zanen yadi da tsara rubutu da tangaran sun yi kusa da sana'o'in da aka sani a gida, kuma ga masaƙu a Kaduna da Kano da ake sa ran za su ɗauki mai wannan ilmi. Saboda haka fannin ya sami karɓuwar da zanen fenti da sassaƙa ba su samu ba.

2.5 Kafuwar Shirin Sanin Makamar Aiki

A farkon shekarun 1970 masu masana'antu sun yi ta kukan cewa waɗanda ke fitowa daga manyan makarantu sun san littafi amma ba su san inji ba, sai an sake koya musu aiki daga tushe. Gwamnatin tarayya ta riga ta kafa Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu, wanda aka fi sani da ITF, da doka mai lamba 47 ta 1971, kuma hedikwatarsa tana Jos. Wannan asusu ne ya ƙirƙiro shirin tura ɗalibai ma'aikatu a 1973, wanda ake kira SIWES, aka fara aiwatar da shi a 1974 da makarantu 11. Da farko an fi mayar da hankali ga injiniyanci da fasaha, daga baya aka faɗaɗa shi ya haɗa da zanen masana'antu da aikin jarida da sauran fannonin da ke buƙatar aikin hannu.

Asusun ne ya ɗauki nauyin shirin shi kaɗai har zuwa 1978, lokacin da yawan ɗalibai ya fi ƙarfinsa. A 1979 aka miƙa shi ga Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa da Hukumar Kula da Ilmin Fasaha, wadda aka kafa a Kaduna a 1977. Abin bai tafi daidai ba, sai gwamnati ta mayar wa asusun da ragamar shirin a ƙarshen 1984, ita kuma ta ɗauki nauyin kuɗin.

Yadda shirin yake gudana shi ne, makaranta takan ba ɗalibi takardar neman gurbi, ya kai wa ma'aikatar da yake so. Idan an karɓe shi, zai yi wata shida idan ɗan jami'a ne, ko wata huɗu idan ɗan kwalejin kimiyya da fasaha ne ko kwalejin ilmi. Akan ba shi littafin da zai riƙa rubuta aikin da ya yi kullum, shugabansa na wurin aiki ya sa hannu duk mako. Ana sa ran malami daga makaranta da jami'in asusun za su ziyarce shi. Idan ya dawo zai rubuta rahoto ya kare shi a gaban malamai, a ba shi maki. Ban da wannan, mai ƙaramar difloma yakan yi shekara guda yana aiki kafin a ɗauke shi karatun babbar difloma.

Idan aka lura da kyau za a ga cewa wannan tsari ƙoƙari ne na dawo da abin da aka bayyana a 2.1, wato zama a gaban ubangida. Bambancin shi ne, ubangidan gargajiya ya san yaron zai daɗe tare da shi, don haka ribarsa ce ya koya masa. Ma'aikatar zamani kuwa ta san baƙon wata shida ne, kuma babu abin da ya tilasta mata ta ba shi aiki mai ma'ana.

2.6 Abin da Ɗalibai Suka Tarar

A bisa manufa, ɗalibai sun yi na'am da shirin, domin gani ya kori ji. A wurin horo ne mai koyon zane yakan fara sanin cewa aiki yana da wa'adi, kuma mai kaya yana iya ƙin zanen da malami zai ba maki mai yawa. A can ne yakan ga yadda ake raba launi kafin bugu, da yadda ake lissafin kuɗin takarda da tawada, da yadda ake zama da mai ba da aiki. Wasu kuma a can suke samun wanda zai ɗauke su aiki bayan bautar ƙasa. Sai dai koke-koken da suka yi ta maimaituwa daga ɗalibai sun kasu kashi huɗu.

Na farko shi ne samun gurbi. Nauyin nema yana kan ɗalibi, wanda ya san wani shi ke samun wuri mai kyau. Ga ɗalibin talla daga Arewa abin ya fi tsanani, domin manyan kamfanoni irin su Lintas da Insight, wanda Biodun Shobanjo ya buɗe a 1980, duk suna Legas, zaman wata shida a can kuwa sai mai hali ko mai dangi. Wuraren da suka rage masa su ne sashen talla na gidajen rediyo da talabijin, da jaridar New Nigerian ta Kaduna wadda ta fara fitowa a 1966, da Triumph ta Kano ta 1980, da maɗaba'un gwamnati, da ɗakunan zane na masaƙu.

Na biyu shi ne durƙushewar waɗannan wurare su kansu. Shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, ya sa kayan gyaran inji da sinadarai suka yi tsada. Ga matsalar wutar lantarki, ga shigowar yadin waje ta ɓarauniyar hanya. Masaƙar Kaduna ta farko ta rufe a 2002, babbar masaƙar UNTL ta dakatar da aiki a 2007, masana'antu da yawa a Bompai da Sharaɗa da Challawa a Kano su ma suka tsaya. Wato a daidai lokacin da yawan ɗalibai yake ƙaruwa, wuraren horo raguwa suke yi.

Na uku shi ne irin aikin da ake ba su. Da yawa sukan ƙare a aike da ɗaukar fayil, saboda ma'aikata suna tsoron ɗalibi ya lalata inji mai tsada, ko kuwa ba su da lokacin koyarwa. Idan malamin da zai duba bai zo ba, sai littafin aiki ya cika da abin da ba a yi ba.

Na huɗu shi ne alawus. A shekarun 2010 abin da aka ƙayyade wa ɗalibi shi ne naira 2,500 a wata, alhali mafi ƙarancin albashi ya kai naira 18,000 a 2011, ya kuma kai 30,000 a 2019. Ko wannan ɗin ma sau da yawa sai bayan an gama horo da daɗewa yake fitowa.

Akwai kuma wani koke da ya keɓanta ga ɗaliban da Hausa ce harshensu. Akan koya musu rubuta talla da Ingilishi, amma idan suka je gidan rediyo sai su tarar aikin da ake miƙo musu shi ne fassara tallar da aka tsara a Legas. Irin wannan fassara takan fito ba gishiri, domin karin magana da barkwancin da ke sa talla ta zauna a kunne ba sa tsallake harshe. Wannan koke ɗan'uwan na ɗaliban 1958 ne.

2.7 Sauye-sauye daga 1988 zuwa 2022

A shekarar 1988 gwamnati ta kafa hukumar kula da masu sana'ar talla, wato APCON, da doka mai lamba 55. Hukumar ta sami ikon yi wa masu sana'ar rajista da tantance abin da ake koyarwa, saboda haka takardar shaidar makaranta ta ƙara daraja. A 1992 aka ba 'yan kasuwa izinin buɗe gidajen rediyo da talabijin, wanda ya kai ga buɗe tashoshi irin su Freedom Radio a Kano a 2003. Zuwan wayar salula a 2001 ya kawo kamfanonin da ke gasar jawo masu magana da Hausa, suka zuba kuɗi a tallar Hausa.

Ta wani ɓangaren kuma, wata kasuwa ta taso daga ƙasa ba tare da taimakon gwamnati ba. Littattafan adabin kasuwar Kano da suka yawaita daga tsakiyar shekarun 1980 suna buƙatar bango mai jan ido. Finafinan Hausa, waɗanda ake ƙirga farkonsu a Kano daga Turmin Danya na 1990, suna buƙatar fasta da kwali. 'Yan siyasa daga 1999 suna buƙatar fasta da riga da hula. Kwamfuta ta sa mutum ɗaya a ƙaramin shago yana iya yin aikin da a da sai babbar maɗaba'a. Ɗalibai da yawa a irin waɗannan shaguna suka koyi aiki da manhajar CorelDraw tun kafin makarantunsu su mallaki isassun kwamfutoci, kuma sau da yawa wanda ya koya musu bai yi karatu mai zurfi ba. Wannan ya sauya tunanin ɗalibai game da inda ilmin sana'a yake. Shi ma Bruce Onobrakpeya, ɗaya daga cikin ɗaliban 1958, ya buɗe ɗakin aikinsa na Legas ga masu neman horo, sannan a 1998 ya fara taron bita na shekara-shekara a Agbarha-Otor ta Jihar Delta, inda mai digiri da wanda ya koya a gida suke aiki tare.

A shekarar 2020 Hukumar Kula da Jami'o'i ta sanar da raba karatun aikin jarida gida bakwai, talla ta zama digiri mai zaman kansa. A 2022 sabuwar doka ta maye gurbin APCON da hukumar ARCON, wadda ta hana amfani da baƙin fuskoki da baƙin muryoyi a tallar da ake yi wa 'yan Nijeriya daga ranar 1 ga Oktoba na wannan shekara. Ana iya cewa ra'ayin da ɗaliban Zariya suka tsaya a kai shekara 64 kafin nan ya shiga dokar ƙasa ke nan.

2.8 Naɗewa

A wannan babi an ga yadda talla da zane suka taso daga kasuwa da zauren gwani, suka bi ta jarida da rediyo, har suka shiga jami'a. An ga cewa ɗaliban Zariya na 1958 sun iya sauya abin da ake koyarwa saboda abin da suke buƙata yana hannunsu, wato idonsu da al'adun garuruwansu. Horon sanin makamar aiki kuwa ya dogara ne ga abubuwan da ba sa hannun ɗalibi, wato lafiyar masana'antu da kuɗin gwamnati da niyyar mai ma'aikata. An tsara shi a 1973 domin ƙasa mai manyan masana'antu, amma a Arewa aikin zane da talla ya koma ƙananan maɗaba'u da shaguna da gidajen rediyo masu zaman kansu. Matuƙar makarantu ba su ɗauki waɗannan wurare da muhimmanci ba, su san masu su, su riƙa ziyartar ɗaliban da ke can, to ɗalibi zai ci gaba da neman sa hannu a wuri guda yana koyon aiki a wani wurin. Wannan tarihi shi ne ginshiƙin da za a ɗora nazarin ra'ayoyin ɗalibai a kansa a babi na gaba.